Taurin Ciki Da Kumburi Ga Matan Da Suka Manyanta: Amsa Ga Wani Alhaji Daga Sabiyal

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai wata daga Sabiyal, ta ƙasar Aliero a Jihar Kebbi. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai sayen albasa yana lodi zuwa Kudu, ya kuwa roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun karɓa masa. Ya ce uwargidansa, mai shekara 48 da haihuwa, wadda ta haifi 'ya'ya tara, ta fi shekara biyu tana fama da ciki. Sai ta yi kwana huɗu ko biyar ba ta kewaya ba, in ta je kuwa sai da nishi da wahala. Da yamma cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, har ɗaurin zane ya dame ta. Iska tana yawan fita, har ta kan sake alwala sau uku kafin ta sallame sallar Lisha guda. Ta daina zuwa makarantar Islamiyya ta matan aure, ta bar sallar asham a jam'i. Shi kuwa bai san da maganar ba sai da babbar 'yarsu ta gaya masa. Tambayarsa biyu ce: mene ne hukuncin alwalarta da sallarta, kuma ko akwai wani rubutu da za a yi mata ta sha?

Mun san akwai waɗanda za su ce wannan ba maganar da za a kawo a filin addini ba ce. To, su yi haƙuri. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar a kan kunya ba ta hana su neman sanin addini ba, tambayoyin da su ke yi kuwa na haila ne da wanka da irin waɗannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya wallafa littafi sukutum a kan maganin basir, sunansa Al-Ƙaulul Mansur, ya kuma wallafa wani a kan filasko da hanyoyin sassauta ciki da shi, sunansa Al-Ƙaulus Sana. Baffansa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda Jega da Aliero da Maiyama duk su ke cikin masarautarsa, ya bar mana Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi ɗaya. In mai mulkin ƙasa, da yaƙi a gabansa da shari'a a bayansa, ya ga taurin ciki ya isa a ɗauki alƙalami dominsa, mu su wane ne da za mu kau da kai? Mu dai ba likitoci ba ne. Abin da za mu faɗa na sashen jiki mun zauna ne da wasu likitoci daga cikin ɗalibanmu muka bi shi da su, na sashen fiƙihu kuwa daga littattafan Malikiyya ne da ke hannun kowane malamin zaure.

Mu fara da alwala, domin ita ta fi ci wa baiwar Allah nan tuwo a ƙwarya. Abin da ke warware alwala shi ne iskar da ta fita. Ƙugin ciki, da motsin da mutum ke ji yana kai da kawowa a hanjinsa, ba su warware komai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar mutumin da a ke raya masa ya ji wani abu a cikin salla, sai ya hana shi fita daga sallar har sai ya ji ƙara ko ya ji wari, watau har sai ya tabbata. Gaskiya ne a mazhabarmu wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta warware zai sake ta, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani. Amma malamai sun ware wanda shakka ta aure shi, wanda ta ke zo masa kullum ko da sau ɗaya ne a yini. Wannan ba ya waiwayar shakkarsa, ya ci gaba da sallarsa. Muna zaton kaso mai yawa na alwalolin da uwargidan Alhaji ke sakewa na wannan babi ne.

In kuwa da gaske iskar ke fita ba da ikonta ba, to, ta shiga hukuncin abin da malaman fiƙihu ke kira salas, irin na mai yoyon fitsari. Yadda masu sharhin Muhtasar na Halilu suka tsara shi ke nan. In yoyon ya lazimci mutum dukkan lokaci, ko mafi yawansa, ko rabinsa, ba ya warware alwala. Sai dai an so ya sake ta ga kowace salla in ya kan ɗan yanke, muddin ba za a wahala ba, kamar a tsananin sanyin hunturu. In kuwa lokacin da ya ke yankewa ya fi yawa, to, yana warwarewa, sai a yi alwala duk sa'ad da ya fita. Da yawa daga malamai sun ce lokutan salla a ke dubawa wajen wannan lissafi, watau daga zawali zuwa hudowar ranar gobe, ba a lissafa hantsi da walaha. Sa'an nan in abin yana da lokacin da aka san shi, kamar wadda kumburinta ke tasowa bayan tuwon dare, sai ta yi dabara ta gabatar da Lisha a farkon lokaci kafin ta ci, ko ta jinkirta har cikin ya lafa. Akwai sharaɗi guda da mutane ke mantawa: sun ambata cewa wanda ke da ikon kawar da yoyonsa ta hanyar magani ya ƙi, ba shi da wannan sauƙi, amma ana yi masa rangwame muddin yana cikin neman maganin. Ka ga ke nan fiƙihu da kansa ya tura mu wurin likita.

Wata mas'ala kuma ita ce salla da matsi. Muslim ya ruwaito daga A'isha hanin yin salla alhali mutum yana kokawa da fitsari ko bayan gida. Malikiyya suka fayyace cewa in matsin ya hana mutum cika farilla, kamar ya kasa natsuwa a ruku'u ko sujada, sallar ta ɓaci. In sunna mai ƙarfi ya hana shi, ya sake a cikin lokaci. In bai hana shi komai ba, salla ta yi, amma shiga cikinta a haka makaruhi ne. Saboda haka macen da ta ji bayan gida ya taho mata daidai da kiran salla, ta je ta biya bukatarta tukuna. Za mu ga a gaba cewa wannan hukunci shi kansa rabin magani ne. Jinin basir kuwa ba ya warware alwala a wurinmu, danshinsa a tufa ma an yi afuwa a kansa in kullum ne. Wannan ta fuskar tsarki ke nan kawai. Ta fuskar lafiya jini yana da wata magana dabam.

To, mene ne ciwon kansa? Likitoci sun ce ba dole ne mutum ya kewaya kullum ba. Daga sau uku a yini har zuwa sau uku a mako duk lafiya ne, in yana fita da sauƙi. Ana cewa ciki ya ɗaure in ya kasa sau uku a mako, ko sai da yunƙuri mai tsanani, ko ya fito a bushe guntu-guntu kamar na awaki, ko mutum ya tashi yana jin bai gama ba. In haka ya ɗauki wata uku ko fiye, ya zama ciwo mai zama da mutum. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manyan duniya yana fama da shi, mata kuma sun kusa ninka maza. Babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Gwargwadon daɗewar abin a cikinsa, gwargwadon bushewarsa. Yana zaune kuma ƙwayoyin halitta da ke cikin hanji suna ta cinsa suna fid da iska, iskar ta rasa hanya, ciki ya kumbura. Shi ya sa taurin ciki da kumburi su ke tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Dalilin da ya sa ya fi kama mata a wannan shekaru yana da yawa. Haila ta kan ɗauke ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, jiki kuwa yana sauye-sauye a shekarun da ke gabanin haka da bayansa, mata da yawa suna kukan ciki a lokacin. Sa'an nan ga haihuwa. Naman da ke riƙe da mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji kamar shimfiɗa ya ke a ƙasan ƙugu, haihuwa tara kuwa ba ta barinsa yadda ta same shi. Wata macen har bangon da ke tsakanin dubura da gaba ya kan saki ya yi aljihu, bayan gida ya riƙa maƙalewa a ciki, sai ta danna da hannu kafin ya fita. Wadda ke da wannan ko ta sha tulin magani ba za ta rabu da shi ba sai an duba ta, kuma shi ne abin da mata suka fi jin nauyin faɗa wa likita. Akwai kuma magunguna. Ƙwayar ƙarin jini, da wasu daga magungunan hawan jini, da wasu na gyambon ciki, duk suna ɗaure ciki. Mafi tsanani su ne tiramadol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da ruwan tari mai ɗauke da shi da sarrafa shi a 2018. Ciwon sukari da raunin maƙoƙo su ma suna kawo shi. Kada wadda ke shan maganin hawan jini ta karanta wannan ta watsar da maganinta. Ta koma wurin wanda ya rubuta mata ya sauya mata wani.

Amma babban dalili a ganinmu yana cikin tukunya da tsakar gida. Iyayenmu mata a ƙasar Gwandu sun tashi da tuwon dawa da na gero, da fura, da miyar kuka da kuɓewa da lalo, da kwaɗon zogale da rama da tafasa. Su ke surfe, su ke daka, su ke jan ruwa a rijiya. Yau a gidan ɗan kasuwa mai hali da gidan ma'aikaci, da safe shayi da burodi, da rana farar shinkafa ko taliya, da dare shinkafa kuma. Kebbi ta yi suna a noman shinkafa, a Birnin Kebbi ne ma aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, injinan casa suka yawaita. Mun gode wa Allah da wannan arziki. Sai dai shinkafar da inji ya goge ta yi fari fat, an raba ta da dusarta, dusar nan kuwa da mu ke zuba wa tumaki ita ce ke riƙe ruwa a hanji ta tausasa bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa baligi ya ci aƙalla giram 25 na wannan harza ta abinci a yini, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Giram 400 bai kai rabin kilo ba. Alhaji ya duba da kansa, uwargida tana samun ko rabin haka? A gidaje da yawa mun sani ita ce mai rabon abinci, ita ce kuma ta ƙarshe a ci, gwanda ko mangwaron da maigida ya shigo da shi kuwa yara sun gama da shi tun a zaure. Ga shi ta girma, ta yi surukai da 'yan aiki, an ɗauke mata daka da shara, sai zama a kan tabarma daga hantsi har la'asar. Hanji kuwa yana son jiki ya motsa.

Sai kunya. Wannan ita ce ba a faɗa. A gidan da makewayi guda ne, yana kusa da turakar maigida ko ƙofar zaure, mace mai girma da surukai a gida ba ta son a ga shigarta, balle a ga ta daɗe. Sai ta danne har dare. Likitoci sun ce hanji ya fi motsi da safe da kuma bayan an ci abinci, in aka saba danne shi a wannan lokaci, a hankali sai ya daina kira. Wasu matan har rage shan ruwa su ke yi don kada fitsari ya dame su a gidan biki ko a mota, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Alhajin da ke iya cika tirela da albasa ba zai kasa gina wa iyalinsa makewayi na biyu a ɓangaren mata ba. Muna ganin wannan ya fi masa lada a kan sabon fenti a zaure.

Abin da za a yi a gida ba mai tsada ba ne. A mayar da gero da dawa cikin abinci, kada a tace kunu har a zubar da duk dusarsa. A yawaita miyar kuka da kuɓewa, domin yauƙin nan da wasu 'yan boko ke ƙyama shi ne ke tausasa ciki. A sa zogale da alayyafo da kabewa, a ci gwanda da gwaiba da lemo da ɓawonsa na ciki, da dabino da aya, a sha jiƙon tsamiya. Amma fa a ƙara su kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku, a kuma haɗa da ruwa isasshe. Wadda ta tashi rana ɗaya ta cika ciki da ganye ba ruwa, kumburinta zai ƙaru, ta ce malam ya yi ƙarya. Alamar ruwa ya isa ita ce fitsari ya yi haske. Ta riƙa tafiya kamar rabin sa'a a yini, ko da zagayen tsakar gida ne, ko zuwa Islamiyyar nan da ta bari. Ta ware lokaci bayan karin kumallo ta shiga makewayi ba gaggawa, kada ta yi yunƙuri mai ƙarfi, in bai zo ba cikin 'yan mintoci ta tashi. Tsugunnon da muka gada ya fi dacewa da halittar jiki. Ma'aikatan da ke gidajen da masai na zama ne, su ajiye 'yar kujera a ɗora ƙafa a kai, gwiwa ta ɗara ƙugu tsawo. A kan yawan ci kuma, hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito ya raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, mai kumburi kuwa ya fi kowa bukatarsa, musamman a tuwon dare. Af, tun da mun zo nan, maganar nan da masu wa'azi ke yawan jingina wa Annabi, mai cewa tumbi shi ne gidan cuta, ba hadisi ba ce. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa zancen Harisu ɗan Kalada ne, likitan Larabawa.

Yanzu Alhaji zai yi haƙuri da mu, domin za mu taɓa sana'arsa. Albasa tana cikin abincin da suka fi kawo iska ga masu wannan larura, ita da tafarnuwa da alkama da wake. Tana ɗauke da wani nau'in sukari da hanjin ɗan Adam ba ya narkarwa, sai ya wuce babban hanji ƙwayoyin nan su yi ta aiki a kansa. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya su suka yi fice wajen bayyana wannan. A ƙasar Aliero kuwa, inda albasa ta ke kamar ƙasa, ba a auna ta a miya. Sayyidina Umar ya yi umurni a hudubarsa cewa mai son cin albasa da tafarnuwa ya kashe su da dahuwa, amma wannan domin wari ne a masallaci. Dahuwa tana kashe wari, ba ta kawar da abin da ke kumbura ciki, narkewa ma ya ke yi ya bi romo. A cikin mai ne ba ya narkewa. Saboda haka dabara ita ce a soya albasar a mai, a tsame ta, a yi miya da man. Ƙanshi ya samu, kumburi ya ragu. Koren ganyenta, watau lawashi, shi ma ya fi sauƙi. Ba mu ce ta bar albasa har abada ba. Ta gwada mako biyu zuwa huɗu ta gani. In ba sauyi, ba ita ba ce, ta koma abinta. Wake kuma a jiƙa shi a zubar da ruwan kafin a dafa. In madara ce ke tayar mata, ta gwada nono mai tsami. Lemon kwalba da cingam ta bar wa jikoki.

Game da magani, filasko da Muhammadu Bello ya yi wa littafi shi ne Larabawa ke kira sana. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Annabi ya tambayi Asma'u 'yar Umaisu da me ta ke wanke ciki, ta ambaci wani tsiro mai suna shubrum, ya nuna mata zafinsa ya yi yawa, ta koma ga filasko, ya yabe shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma amfanin ganyen ba a musunsa, har yau ana sayar da ƙwayarsa a kantin magani a ko'ina cikin duniya. Ana shansa da dare, ya yi aiki bayan kamar sa'a 8 zuwa 12. Amma abin lura a ƙissar shi ne an kawar da ita daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi. Filasko kansa in an zarce yana murɗa ciki, ya zubar da ruwa da gishirin jiki, shi ya sa a ke cewa kada a wuce mako guda ana shansa sai da izinin likita. Akwai waɗanda suka fi shi laushi, irin su laktulos, da garin ɓawon irin nan da Larabawa ke kira bazru ƙaɗuna, waɗanda likita zai iya ɗora mace a kansu na tsawon lokaci. Jar kanwa da tsofaffi ke jiƙawa, mai hawan jini ko ciwon ƙoda ta nisance ta. Mun fi jin tsoron jarkokin nan na maganin basir da a ke tallarsu da lasifika ran kasuwa, waɗanda mai sayarwa ke rantsuwa suna maganin cuta arba'in. Ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ma'auninsa ba, gudawar da su ke sawa kuwa ita mutane ke ɗauka alamar ciwo yana fita. Bayan kwana biyu ciki ya ƙara ɗaurewa, a koma a sayi wata jarkar.

Ga mai azumi, musamman da ya ke azumin 2024 da na 2025 sun faɗo a watan Maris cikin zafi, ta raba shan ruwanta daga buɗa baki zuwa sahur, ta rage soye-soye, ta sha maganinta da dare. Ruwan da a ke ɗurawa ta dubura da rana yana wajabta ramuwa a mashhurin mazhaba, amma daskararren maganin da a ke cusawa ba ya wajabta ta. Wanda zai iya jinkirtawa zuwa dare ya fita daga saɓani.

Duk abin da muka faɗa a sama na wadda aka riga aka duba ce aka tabbatar ba wani abu a ƙarƙashi. Uwargidan Alhaji kuwa shekara biyu ba wanda ya duba ta, wannan shi ya fi damunmu a wasiƙar. Akwai alamomin da in an ga ɗayansu ba a tsayawa jiƙe-jiƙe: jini a bayan gida ko ya fito baƙi ƙirin, rama ba dalili, ƙarancin jini, kumburin da ba ya sacewa ko da safe, saurin ƙoshi, ƙullutu a ciki, ko yanayin bayan gida ya sauya farat ɗaya ga wadda ta haura 45. Haka jinin da ya dawo bayan haila ta ɗauke shekara guda. Malaman fiƙihu sun ce tsakanin 50 da 70 a tambayi mata ko haila ce, mu kuma muna ƙarawa da cewa a tambayi likita. Sankarar hanji ta kan ɓuya a bayan sunan basir, sankarar ƙwan mace kuma ta kan fara ne da kumburin ciki kawai, duka biyu kuwa an fi samun nasara a kansu in an gano su da wuri. In ciki ya kumbura da amai da ciwo mai tsanani, ba bayan gida ba iska, wannan toshewar hanji ce, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Ba mu faɗi haka don mu tsorata kowa ba, mafi yawan masu taurin ciki ba su da ko ɗaya daga waɗannan. Akwai babban asibiti a Aliero da Jega, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ana jin nauyin likita namiji, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Burunai a 1993 cewa a fara neman likita mace. In ba a samu ba namiji ya duba gwargwadon bukata, tare da miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace a wurin.

Wani mai karatu da ya yi nisa a littattafai zai ce ai Halilu bai sa kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Haka ne, ya lissafa ruwa da mai da itace da gishiri da nama lokaci-lokaci da ladan ungozoma, ya fitar da magani. Amma Ibnu Abdil Hakam, daga manyan almajiran Imamu Malik a Masar, ya ce ladan likita da magani suna kan miji, Shaihu Wahbatuz Zuhaili da wasu malaman zamani kuma suka rinjayar da haka, domin a yau bukatar magani ta zama kamar bukatar abinci. Mu ma a nan mu ke. Ba ma kuwa zaton mutumin da ya zauna ya rubuto wasiƙa saboda ciwon matarsa zai tsaya neman wannan mafita.

Saura maganar rubutu. Addu'a da tofi da ayoyin Alƙur'ani halal ne, Fatiha da Falaƙi da Nasi suna bakin kowa, Alhaji ya tofa mata da kansa, ba sai ya biya wani ba. Amma ya yi haka yana riƙe da katin asibiti a ɗaya hannun. Kuma kada ya aika yaro ya raka ta; ya bar lodi na yini guda ya kai ta da kansa, 'yar nan da ta gaya wa sirrinta ta shiga da ita wurin likita, a tafi da duk ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da ta ke sha a cikin leda a nuna. Ta koma makarantarta tun wannan makon, ta yi alwala guda ta zauna cikin 'yan'uwanta, domin sauraron karatu ba ya bukatar alwala. Muna jiran wasiƙarsa ta biyu mu ji abin da likita ya ce.

Mako mai zuwa in Allah Ya yarda za mu amsa tambayar wani ma'aikaci daga Maiyama a kan zakkar albasa da sauran kayan lambu.